Muryar Ustaz a Garejin Bin Omran

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun ina yaro a Funtuwa mahaifiyata take dafe mini gwiwa in muna cin abinci don ƙafata ta daina rawa, kuma har yau ba ta daina ba. Sakandare ma da ƙyar na kai ƙarshenta. Da na zo Doha na fara da gadi a wani babban kanti, tsayuwa ta ishe ni, na koma rarraba ruwan gora a gidaje, hawa bene ya ishe ni. Tuƙa Ustaz ne aikin da na kama bayan wannan, kuma ranar da na kama shi idona yana kan wani aikin, domin na riga na kai takarduna filin jirgin Hamad inda aka ce ana neman direbobi. Kullum wayata tana hannuna ina jiran kira.

Ustaz Bafalasɗine ne, tsoho siriri mai dogon wuya, yana zaune da 'yarsa a wani bene a unguwar Bin Omran, ba nisa da gidan da muke haya mu da yawa. 'Yar tana aiki a kantin magani. Ita ta ɗauke ni, ita ce kafil ɗina, wato da sunanta nake zaune a ƙasar, kuma Madam nake kiranta kamar yadda kowane direba yake yi a nan. Shi kuwa kowa Ustaz yake ce masa, har mai wankin mota.

Sai a hankali na gane ko wane ne nake ɗauka. In muka shiga gidan burodin mutanen Sham, da ya buɗe baki ya ce a ba shi abu kaza, sai ka ga wani dattijo ya juyo yana neman inda muryar ta fito. Ashe ya daɗe yana karanta labarai a rediyo, a ƙasashe dabam-dabam kafin ya zo Doha, kuma yana da wani shiri da yake bin asalin kalmomin Larabci. Mutane sun san muryar, ba su san fuskar ba. Murya ce mai kauri, mai nutsuwa, ba za ka ce daga wannan siririn jikin take fitowa ba.

Makon farko ya tambaye ni, "Wa ya koya maka Larabci, ya ibni?" Haka yake kirana, wato ɗana.

Na ce, "Malaminmu na Islamiyya, sai kuma 'yan Indiyan kantin da na yi gadi."

Ya ce, "Malamin ya yi ƙoƙari, amma 'yan Indiyan ne suka yi nasara."

A cikin mota, tsakanin asibiti da masallaci da gidajen tsofaffin abokansa, na ji tarihinsa gutsure-gutsure. A wani ƙauye na kan tudu aka haife shi, cikin itatuwan zaitun. Yana ƙarami aka fitar da su, ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira, ya yi karatu har ya zama malamin harshe, daga nan rediyo ta ɗauke shi. Ya ce a lokacin da yake ji da kansa, Larabcin littafi kaɗai yake ɗauka a bakin Larabci. Wata rana mahaifiyarsa ta faɗi wata kalma ta ƙauye a gaban baƙinsa, ya gyara mata. Daga ranar in yana da baƙi sai ta kawo shayi ta fita. Bayan ta rasu ne ya fara bin tsofaffin ƙasarsu duk inda suka watsu, yana tambayarsu sunan kowane sashe na garma, da sunan ruwan farko da yake wanke zaitun kafin a tsinke shi, da sunan duwatsun da ake shimfiɗawa a tandar gasa burodi. Ya rubuta kowace kalma a kati, katunan suka cika akwatuna, akwatunan suka zama ƙamus. Lokacin da na zo, rubutun ya ƙare.

Abin da ya rage shi ne murya. Ya ce takarda ba ta ɗaukar yadda mutanen ƙauyensu suke murɗa harshe, kuma jikokin da aka haifa a nan ko a Turai in sun karanta kalmar da bakin birni za su faɗe ta. Yana so duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin a waya ya taɓa kalma, ya ji ta daga bakin wanda ya ji ta a bakin masu ita. Ya yi ta ɗaga aikin, sai ga shi likita ya gano ciwo a maƙogwaronsa. Aka ce za a yi masa aiki a ƙarshen bazara, kuma ba a ɓoye masa ba cewa da wuya muryar ta dawo. Ke nan daga alif zuwa ya, wato daga harafin farko na Larabci zuwa na ƙarshe, duk abin da bai faɗa ba kafin ranar aikin, ba zai faɗe shi ba.

Madam ta so ta kama masa ɗakin ɗaukar murya irin na 'yan rediyo, ya ƙi. Muryarsa da sassafe kaɗai take fita sosai, kafin hantsi ta dishe, su kuwa ɗakunan ba a buɗe su sai rana ta ɗaga. A gida kuma ga ƙarar esi mai sanyaya ɗaki, ga firji, ga masu ginin da ke maƙwabtaka. Sai ya ce in kai shi garejin da ke ƙarƙashin benen, ya zauna a mota, ya sa na rufe gilasai na kashe inji. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai.

Ya ce, "Ka ji? Kujerun sun shanye sautin. Mun yi aiki a ɗakunan da ba su kai wannan ba."

Haka motar ta zama wurin aikinmu. Da mun dawo daga sallar asuba sai mu sauka gareji. In kunna esi har motar ta yi sanyi ƙalau, sannan in kashe komai. Shi yana kujerar gaba da katunansa, ni ina kujerar direba, makirufo a hannuna na dama ina riƙe masa kusa da baki. Kunnensa ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya yake jin sallama, don haka ni ya ɗora wa abin saurare a kai. Ya ce duk ƙarar da na ji ta shigo, ko ta lif mai kai mutane sama ce, ko takun wani, ko motar maƙwabci, in ɗaga yatsa mu tsaya.

Ranar farko ya karanta kalma, ya faɗi ma'anarta, ya kawo misali. Na ce, "Na'am."

Ya dube ni, ya sake daga farko. Da ya kai ƙarshe sai na ji bakina ya ce, "Haka ne."

Ya ce, "Mene ne haka ne? Ka san kalmar?"

"A'a, Ustaz."

"To da me kake yarda?"

Na yi masa bayani da guntun Larabcina cewa a wurinmu babba ba ya magana a bar shi shi kaɗai. Dole ka riƙa amsawa, in ba haka ba an ce ba ka da tarbiyya, ko kuma fushi kake yi. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ya ce, "Rayuwata duka ina magana ni kaɗai a ɗaki, ba wanda ya taɓa ce mini haka ne. Yau da na samu mai cewa, ba na so. Rufe bakin nan, Allah ya yi maka albarka."

Bakin na iya rufewa, sauran jikin ne ya gagara. Ya ga ina jan carbi, ya san zai yi ƙas-ƙas, ya karɓe. Agogona ma ya karɓe. Wayata kuwa cewa ya yi in sa ta a but ɗin mota, ni da nake jiran kiran filin jirgi. Ƙafata tana girgiza motar gaba ɗaya, sai ya ɗauki akwatin katunan ya ɗora mini a gwiwa. Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamar wannan ba, alhali ba abin da nake yi sai zama. Yana karanta sunayen iskoki da na ciyayi, ni ina kallon ginshiƙin da ke gabanmu, zuciyata tana but tare da wayar.

Duk da haka mun yi nisa. Muka wuce alif, muka wuce ba da ta, muka shiga jim. A nan likita ya ce ya rage magana, sai ya daina yi gaba ɗaya in ba a gaban makirufo ba. Madam ta sayo masa ɗan farin allo da alƙalami, da shi yake ce mini tafi, tsaya, ka yi sauri da yawa. Wasan da yake yi mini ya ragu, domin wasa a rubuce ba ya sauri.

Sai zafi ya shigo sosai. Wanda bai yi bazara a Doha ba ba zai gane ba. Tun kafin rana ta fito iska tana da nauyi kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi an lulluɓa maka, a ƙarƙashin ƙasa kuma ko motsi ba ta yi. In na kashe esi, sanyin ba ya daɗewa. Da farko mukan tsaya mu sake kunnawa, amma da ya ga muryar tana gajarta masa, sai ya daina yarda a tsaya. Shi ba ya gumi, ban san ko tsufa ba ne ko ciwon. Ni kuwa gumi yana bin bayana, yana shiga idona, hannun da ke riƙe da makirufo yana santsi, kuma ba halin in goge.

Wata safiya na koma ɗakinmu riga ta manne mini a jiki. Abokin kwanana, wani mutumin zangon Kumasi da yake aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, yana kwance yana danna waya.

Ya ce da Hausarsu ta Kumasi, "Ɗan Najeriya, wanka ka yi da kaya?"

Na ba shi labari. Ya miƙa hannu ƙarƙashin filo ya ciro wata 'yar fanka mai caji da ya saya a kasuwar Asian Town, ba ta fi tafin hannu ba.

"Ɗauki wannan. Ba shi ƙara, sauro ma ya fi shi."

"Ustaz zai ji."

"Tsohon da ka ce sai ka yi ihu yake amsa sallama? Massa, kar ka mutu a motar mutane. Gawa tsada gare shi a jirgi, ni nake lodawa, na sani."

Washegari na sa ta a ƙarƙashin kujerata, na juya fuskarta sama. Da na kashe inji sai na kai ƙafa na danna ta. Iska ta bi ƙafar wandona ta hau, na ji kamar an sake ni daga ɗauri. Na dubi Ustaz, yana gyara katunansa, bai ji komai ba.

Amma ni na ji. Ba zan ce ban sani ba. A cikin abin sauraren da ke kaina akwai wani siririn zuuu a ƙarƙashin muryarsa, ba ya tashi, ba ya sauka. Yatsan da aka ce in ɗaga yana nan a kan sitiyari, ban ɗaga shi ba. Na ce wa kaina ƙaramar ƙara ce, in an sa a waya ba mai ji. Gobe ma na ce haka. Bayan 'yan kwanaki kunnena ya saba, na daina ma jin ta.

A kwanakin nan muka yi ra, muka yi za, muka shiga sin. Harafin za ne ya fi daɗewa a kai, domin zaitun da mai da shuka duk da shi suke farawa a Larabci, kuma kowannensu yana jan kalmomi masu yawa a bayansa. Muryarsa ta yi kyau a makon fiye da yadda na taɓa ji tun da muka fara. Ranar da ya gama za ya rubuta a allo cewa mu biya gidan burodi, ya saya mini wani mai cuku a ciki. Na ci.

Akwai wani Basudane da suka yi aiki tare a rediyo, shi ne mai gyaran sauti, kuma shi yake karɓar abin da muka ɗauka lokaci-lokaci yana yankawa kalma-kalma. Wata Juma'a bayan la'asar ya zo gidan da kwamfutarsa. Ina kicin ina shan shayi Madam ta kira ni falo. Ya kunna wani daga jim, muryar Ustaz ta fito tas. Ya kunna wani daga za. Zuuu ɗin ya cika falon, ya fi yadda na san shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ustaz yana kallon fuskokinsu. Ya rubuta, "Mene ne?"

Madam ta matsa kusa da kunnensa ta ce, "Akwai ƙara, Baba. Tun daga ra."

Basudanen ya ce zai iya rage ta, amma muryar za ta koma kamar ana magana a cikin gwangwani. Ya gwada, muka ji, haka ne kuwa. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan'uwa, kai da kake saurare, ba ka ji komai ba? Ko an kunna wani inji a garejin?"

Na ce ban lura ba.

Suka yi ta lalube. Madam ta ce ko fankokin fitar da iska na benen ne. Basudanen ya ce ya fi zargin na'urar ɗaukar muryar, ta tsufa, bari ya tafi da ita ya duba. Ya sa ta a jaka ya tafi, ina tsaye ina kallo. Saboda haka washegari ba a yi aiki ba, jibi ma ba a yi ba. Safiya biyu daga cikin 'yan kaɗan da suka rage masa suka tafi a banza, ina zaune a mota ina danna waya, ina tashi, ina zagaya gareji, ina dawowa. Na yi tunanin in jefar da fankar in yi shiru, a ce na'ura ce. Na yi tunanin in ce wa Madam an yi mini rasuwa a gida in tafi. Ban ƙi ɗaya daga cikin biyun don kirki ba. Na dai ga in aka ce na'ura ce za a tsaya neman wata, wasu kwanakin su sake tafiya, kuma ni ne zan riƙa kai shi da dawo da shi ina kallon wuyansa.

Safiya ta uku muna dawowa daga masallaci, da na tsaya a gareji ban buɗe ƙofa ba. Na sunkuya na ciro fankar na ɗora a kan akwatin katunan, na danna ta. Ya dube ta tana juyawa. Ya kai hannu ya ji iskar. Sannan ya ɗauki allo.

"Zafi ka ji?"

"Na'am, Ustaz."

Ya goge, ya sake rubutawa. "Me ya hana ka faɗa?"

Na ce kunya ce. Na ce a wurinmu yaro ba ya ce wa babba ya gaji alhali babban bai ce ba, balle babban da ba shi da lafiya. Wannan gaskiya ne, amma rabi ne. Ɗaya rabin ban faɗa masa ba. A raina na ɗauka duk aikin nan rigimar tsufa ce, ba wanda zai zauna yana taɓa waya don ya ji sunan ƙusar garma. Da na ɗauke shi da nauyi, da na jure, ko kuwa na yi magana.

Ustaz ya ajiye allon. Ya kashe fankar ya miƙo mini, ya nuna ƙofa. Da ma zagina ya yi da wannan muryar, da na fi samun sauƙi, amma ba shi da muryar da zai ɓata a kaina.

Madam ce ta yi faɗan. Ta same ni a bakin lif ta ce, "Ka san abin da ka yi kuwa? Da ka ce zafi, da na saya maka ƙanƙara ka zauna a kai. An tambaye ka a gabansa, ka ce ba ka lura ba." Ta ce da tana da wanda zai riƙe makirufo gobe, da yau na kwashe kayana.

Da aka dawo da na'urar sai gardama ta tashi tsakaninta da shi, ina gaba suna baya a hanyar asibiti. Ita ta ce a ci gaba daga inda aka tsaya, a bar ra da za da ƙararsu, ai ana jin kalmomin. In aka koma baya ba za a kai ya ba.

Ya rubuta ya nuna mata. Ta karanta a fili, "Ban taɓa sakin sauti mai datti ba." Ta ce, "Baba, wannan ba labaran ƙarfe takwas ba ne. Rabin ƙamus mai tsabta ya fi, ko cikakke mai 'yar ƙara?"

Ya sake rubutu. Wannan karon ba ta karanta a fili ba. Ta juya tana kallon taga, can ta ce, "To, za kaɗai. Ra da sin a bar su."

Muka koma za. Amma muryar da ta yi shi a karon farko ba ita ce ta dawo ba. Kalmar da ya faɗa sau ɗaya a da, yanzu sai ya maimaita ta, ta karye a tsakiya, ya kurɓi ruwan ɗumi, ya sake. Abin da ya ci mako a da ya ci fiye da haka. Ni kuma na koma ɗaga yatsa a kan komai, har abin da bai kai ba, sai da ya rubuta mini, "Kada ka wuce gona da iri." Ya kuma sa doka cewa duk bayan kati kaɗan a buɗe ƙofofi in sha iska. Na ce ba na buƙata, ya nuna mini allon da ƙarfi. Hutun nan ma daga lokacinsa yake fita, kuma na san haka duk sanda na tsaya a waje ina shaƙar iskar gareji.

A cikin kwanakin nan ne kiran filin jirgi ya zo, wayar tana but. Da na kira su suka ce in zo gwajin tuƙi da safe. Mutumin Kumasi ya ce, "Yalla, je ka. Tsohon nan ubanka ne?" Ban je ba. Kada a ɗauka da zuciya ɗaya na zauna. Safiyar da ya kamata in kasance can, ina riƙe da makirufo ina jin haushinsa, ina jin haushin zaitun da ban taɓa ganin itacensa ba, ƙafata tana rawa a ƙarƙashin akwati.

Muka gama za, muka tsallaka inda muka tsaya a sin, muka yi ta gudu. Ya daina kawo misalai, sai kalma da ma'ana. Daga baya ma'anar ma ya bari, sai kalmar kaɗai, tunda ma'ana tana rubuce. Ain, fa, kaf, lam. A cikin abin saurare ina jin yadda muryar take sirancewa, kamar ana jan zare daga tsumma. Wata safiyar kati kaɗan za mu yi ya ɗaga hannu. Ana gobe za a kwantar da shi muna tsakiyar mim. Ya faɗi wata kalma, ta fita rabi. Ya sake, ba ta fita ba. Ya mayar da katin, ya sa ɗan yatsa a wurin, ya dubi abin da ya rage a akwatin: sauran mim, da nun, da ha, da waw, da ya. Ba su da yawa in aka kwatanta da abin da muka wuce. Na auna su da ido, na auna kwanakin da za ya ci a karo na biyu da safiyoyin da aka tafi da na'ura, na kawar da kai.

An yi aikin, ya tashi lafiya. Ya yi kwanaki a asibiti, ya dawo gida da bandeji a wuya, ya ƙara ramewa. Likita ya ce a jira a gani. Muka jira. Ina kai Madam aiki, ina dawowa, ina wanke motar da ba ta yi datti ba, ina sake kai takarduna wurare.

Wata safiya bayan an cire bandejin na hau sama in karɓi makulli, na same shi a bakin ƙofa ya sa kwat ɗinsa, akwatin katunan a hammata. Madam tana bayansa, ta yi mini alama da ido cewa in bi shi kawai. Muka sauka. Na kunna esi motar ta yi sanyi, na kashe. Na sa wayata a but ba tare da an ce mini ba. Na ɗora abin saurare, na ɗaga makirufo. Ya ciro katin da muka tsaya a kansa, ya gyara zama, ya miƙe wuya yadda ya saba, ya buɗe baki.

Iska na ji, da ɗan ƙas na harshe a kan haƙori. Leɓɓansa sun yi kalmar daidai. Ya sake, ya dafa maƙogwaro da yatsu biyu, ya sake. Sannan ya juyo yana dubana. Shi ba ya jin kansa sosai, bai san ko wani abu ya fita ba.

Na so in gyaɗa kai. Da na gyaɗa, da ya ci gaba har ya, da ya hau sama da farin ciki, kuma da sai Basudanen ya zo kafin a sani. Na girgiza kai.

Ya dubi katin. Ya mayar da shi wurinsa, ya rufe akwatin, ya karɓi makirufon daga hannuna ya naɗe igiyarsa a hankali yadda 'yan rediyo suke naɗewa. Sai ya nuna makulli. Na tayar da mota, esi ya taso. Na tambaye shi ko sama za mu koma, ya girgiza kai, ya nuna hanyar fita. Muka hau kan titi, masu gini sun fara taruwa a bakin shagon shayi, motocin makaranta suna fitowa. A mahaɗar farko na rage gudu ina jiran ya nuna dama ko hagu, bai nuna ba, sai na miƙe.